Na Mai Da Muguwar Matar Uba Mai Kirki, Me Ya Sa Labarina Ya Yi Lami?

Tambaya: "Ina rubuta ƙagaggen labarina na farko. Da na sake karantawa sai na ga duk taurarina mutanen da aka saba gani ne: muguwar matar uba, attajiri marowaci, kyakkyawar yarinya marar wayo, makaho abin tausayi. Ina so in fito da waɗanda suka saɓa wa abin da aka saba. Na gwada juya su, na mai da matar uban mai kirki, amma sai labarin ya yi lami. Ta ina zan fara?"

Amsa:

Ƙanwata, abin da ya same ki ya sami kusan duk wanda rubutunsa na farko ya taɓa zuwa hannuna don dubawa, kuma na ji daɗi da kika gano shi da kanki tun kafin wani ya nuna miki. Labarin ya yi lami ne domin matar uban da kika juya har yanzu ba mutum ba ce. Da can sifa ɗaya gare ta, mugunta. Yanzu ma sifa ɗaya gare ta, kirki. Garin gudun gara kin faɗa gidan zago. Mai karatu ya san abin da muguwar za ta yi a shafi na gaba, haka kuma ya san abin da mai kirkin za ta yi, kuma duk wanda aka san abin da zai yi kafin ya yi, ba a ɗokin bin sa.

Bari in fara da asalin matsalar, don idan kin gane yadda take aiki za ki daina jin tsoronta. Kalmar da Turawa ke kiran wannan ɗabi'a ta yi wa mutane kuɗin goro, wato "stereotype", daga maɗaba'a ta fito, a Faransa, wajen ƙarshen ƙarni na 18. A lokacin, mai ɗab'i yakan jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya har shafi ya cika. Sai aka gano dabarar ɗaukar sawun shafin gaba ɗaya, a zuba narkakken ƙarfe a ciki, ya daskare ya zama faranti guda. Da wannan faranti za a buga dubban kwafi cikin sauri, amma ba za a iya cire ko harafi ɗaya a sauya ba. A 1922 wani ɗan jaridar Amurka, Walter Lippmann, ya ari sunan farantin ya ɗora wa hotunan da muke ɗauke da su a kai game da mutanen da ba mu sani ba. Hujjarsa ita ce duniya ta fi ƙarfin a san kowa ɗaiɗai, don haka ƙwaƙwalwa ke tanadin hoto ɗaya ta riƙa bugawa a kan duk wanda ya shigo. Wato dabara ce ta rage wahala. Marubuci ma rage wahala yake yi idan ya ɗauko marowacin attajiri: ba sai ya yi bayani ba, mai karatu ya riga ya zo da sauran hoton daga gida.

Kuma hotunan nan da wuri suke shiga. Wani mai bincike, David Chambers, ya sa yara 4,807 su zana masanin kimiyya, ya wallafa sakamakon a 1983. Zane 28 kacal ne suka nuna mace, kuma dukansu 'yan mata ne suka zana su. Saboda haka kada ki zargi kanki don tauraron farko da ya faɗo miki a rai tsohon faranti ne. Kowa haka yake. Aikin yana farawa ne daga tunani na huɗu ko na biyar.

Ita kanta muguwar matar uba da ta dame ki, akwai hannun edita a tarihinta. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, da suka tattara tatsuniyoyi suka buga a 1812, a bugun farko sarauniyar da ta nemi kashe yarinya don madubi ya ce yarinyar ta fi ta kyau, uwarta ce mahaifiya. A bugun 1819 aka mai da ita matar uba. Haka aka yi wa uwar yaran nan biyu da aka yasar a daji, ita ma daga baya ta koma matar uba. Wani ne ya zauna da alƙalami ya ga bai dace a ɗora wa uwa wannan laifi ba, ya nemi wadda za a ɗora wa ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba. Ina kawo wannan ne don ki riƙa tambayar kanki, duk lokacin da kika ɗauko irin waɗannan taurari: wa aka wanke da aka shafa wa wannan baƙin fenti? Sau da yawa labarinki yana cikin amsar. A gidan da kowa ke zagin matar uba, ina uban yake, me yake yi?

To, yanzu ga ma'aunin da nake aiki da shi. Marubucin Ingila E. M. Forster, a laccocin da ya gabatar a Kambirij a 1927, ya raba taurari gida biyu: shimfiɗaɗɗu, waɗanda jimla ɗaya ke iya ƙunshe su, da kewayayyu, waɗanda sai an zagaya ake ganin bayansu. Ya ce gwajin kewayayyen tauraro shi ne ya iya ba ka mamaki ta hanyar da za ka gamsu. Sharuɗɗa biyu ke nan. Wanda ba ya ba da mamaki shimfiɗaɗɗe ne. Wanda ya ba da mamaki amma ba a gamsu ba, shimfiɗaɗɗe ne da ke kwaikwayon kewayayye. Yawancin masu son karya kuɗin goro sharaɗin farko suke cikawa su manta da na biyu. Sai ka ga an kawo ƙaton mai gadi an ce yana son furanni, an kawo tsohuwa an ce tana dambe, an manna musu kamar yadda ake manna takarda a bango. Da iska ta kaɗa sai ta ɓalle.

Abin da ke kawo gamsuwa shi ne dalili da kuma farashi. Ruwa ba ya tsami banza. Idan tauraronki ya saɓa wa abin da ake zato, akwai inda ya samo wannan hali, kuma akwai abin da halin ke ci masa kullum.

Bari mu zauna a kan matar ubanki, mu gina ta tare. A rubutunki na biyu kin cire muguntar daga zuciyarta, wannan daidai ne, amma kin haɗa da cire zargin daga duniyar labarin, kuma nan ne kuskuren. Ki bar zargin yana nan. Maƙwabta suna sauraron kukan yaron. Dangin marigayiya uwarsa suna duba ko ya rame. Malamarsa a makaranta, da ta ga tabo a gwiwarsa, tambayar farko da ta yi masa ita ce, "Wa ke kula da kai a gida?" Matar nan ta san duk wannan. Ta shigo gidan ne da hukunci a kanta kafin ta aikata komai. To me mace mai kirki za ta yi a irin wannan hali? Za ta ji tsoron tsawata masa. Ɗanta na cikinta, idan ya yi ƙarya, za ta hukunta shi ba tare da ta waiwaya ba. Wannan kuwa, idan ya yi ƙarya, sai ta haɗiye. Ya ɗauki abin da ba nasa ba, ta biya a ɓoye. Shekara takwas tana haka, har yaron ya lalace a hannunta, kuma ɗanta na ciki ya tashi yana ganin an fi son wancan. Kin ga ta cuci yaron, amma ta hanyar da babu wanda ya yi zato, kuma abin da ya jawo cutarwar shi ne gudun kada a kira ta muguwa.

Ga yadda nake ganin fitowa ɗaya. Dare ne, kowa ya kwanta. Ta shiga ɗakin yaron don ta kashe fitila, sai ta ga hoton uwarsa ya faɗo daga bango, gilashin ya tsage. Ta ɗauka, ta tsince ɓaraguzan da hannu don kada ya taka da safe, ɗaya ya yanke ta a yatsa. Tana tsaye da hoton a hannu, jini na ɗiga, sai yaron ya buɗe ido. Abin da ya gani shi ne matar ubansa riƙe da fasasshen hoton uwarsa. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta tuna babu bayanin da zai shiga, ta ajiye hoton a hankali ta fita. Da safe ta kai aka sa sabon gilashi, ta mayar da shi inda yake, ba ta ce komai ba, shi ma bai ce ba. Ba ki buƙatar ki rubuta cewa tana da kirki. Ba ki buƙatar ki rubuta cewa an zalunce ta. Kuma mai karatu zai ji haushin shirunta, domin da ta yi magana da wataƙila an huta, kuma wannan haushin alama ce ta cewa ya fara ɗaukar ta a matsayin mutum.

Wannan shi ne babban abin da nake so ki tafi da shi: tsohon hoton ya zauna a idon sauran mutanen labarin, tauraronki kuma ya rayu a ƙarƙashin nauyinsa. Wani zai yaƙe shi, wani zai ɓuya a bayansa, wani ma zai ci riba da shi. Kyakkyawar yarinyar da kika ce ba ta da wayo, misali. Hanya mai sauƙi ita ce a bayyana a babi na goma cewa ashe gwanar lissafi ce. An yi wannan har an gaji. Amma ki yi tunanin yarinya mai matsakaicin kai, kamar yawancinmu, wadda ta lura tun tana ƙarama cewa mutane na sakin baki a gabanta don sun ɗauka ba ta fahimta. Ta koyi yin shiru tana tattarawa. A ofishin da take aiki babu sirrin da ba ta sani ba. Ranar da za ta yi amfani da abin da ta sani, za ta rasa wannan mafaka har abada, don daga ranar kowa zai kama bakinsa. Ga zaɓi, ga farashi, ga labari.

Idan kina neman inda za ki ga yadda saɓanin hali ke zama a jikin mutum ɗaya ba tare da ya yage ba, ki karanta tarihin mutanen gaske. Oskar Schindler ɗan jam'iyyar Nazi ne, Bajamushe da ya je Foland a 1939 neman arziki a cikin Yaƙin Duniya na Biyu, mashayi, mai iya ba da cin hanci da sayen zukatan manya da kyauta. Shi ne kuma ya tsirar da Yahudawa kimanin 1,200 daga halaka. Abin lura ga marubuci shi ne bai sauya ya zama wani mutum daban ba kafin ya yi wannan. Da cin hancin nan, da daɗin bakin nan, da iya zama da azzalumai a teburi ɗaya ya cece su. Mutumin kirki mai gudun haram ba zai san ƙofar da ake bi ba. Bayan yaƙi kuma kasuwancin da ya taɓa duk sun rushe. Aibinsa da alherinsa saiwa ɗaya suka fito, kuma wannan ne sirrin da nake so ki kama. Idan kin ba wa tauraro halaye biyu masu karo da juna, ki haƙa har ki sami inda suka haɗu a ƙasa.

Haka Desmond Doss, sojan Amurka da ya ƙi taɓa bindiga saboda aƙidarsa. Abokan aikinsa sun ɗauke shi matsoraci, sun tsangwame shi. A tsibirin Okinawa na Japan a 1945 shi ne ya tsaya a saman wani tsauni ana ruwan wuta, yana zuro waɗanda suka ji rauni da igiya ɗaya bayan ɗaya, kimanin mutum 75. Taurin kan da ya sa ya ƙi ɗaukar makami duk da matsin da ya sha, shi ne taurin kan da ya hana shi sauka. Hali zanen dutse. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya faɗi cewa tauraro ya zama mai ɗorewa a kan halinsa, idan ma mai saɓa wa kansa ne, to ya ɗore a kan saɓawar.

Sai batun makahonki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Marubuci ya gane cewa nuna mai naƙasa a matsayin abin tausayi bai dace ba, sai ya tsallaka ya mai da shi waliyyi: mai haƙuri, mai hikima, ba ya fushi, aikinsa kawai ya koya wa babban tauraro darasin rayuwa sannan ya ɓace ko ya mutu. Wannan ma faranti ne, an dai wanke shi. Stella Young, 'yar jarida kuma mai barkwanci daga Ostireliya wadda ta yi rayuwarta a keken guragu, ta yi jawabi a kan wannan a 2014. Ta ba da labarin yadda, tana shekara 15, wani ya zo wa iyayenta yana so a ba ta lambar yabo, iyayen suka ce ai ba ta yi komai ba tukuna. Makaranta take zuwa, tana kallon talabijin kamar kowace yarinya. Ana so a yaba mata ne don kawai ta tashi da safe tana numfashi. Ƙorafinta shi ne an mai da masu naƙasa kayan ƙarfafa wa masu lafiya gwiwa.

Ki kwatanta da Taha Hussein na Masar. Ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya yi karatu a Azhar da jami'ar Alƙahira da Faransa, ya zama ministan ilimi a 1950, ya yi fafutukar ilimi kyauta. Amma mutum ne mai kaifin harshe, mai son jayayya, wanda littafinsa na 1926 a kan waƙoƙin Jahiliyya ya tayar da ƙurar da ta kai har majalisa. Yana da masoya, yana da maƙiya, kuma maƙiyan ba tausayinsa suke ji ba, faɗa suke yi da shi kamar yadda ake faɗa da kowane babban mutum. Wannan shi ne mutuncin da makahonki ke buƙata daga gare ki: ki ba shi damar yin kuskure, da girman kai, da buri, da son abin duniya. Ki yi tunanin makaho lauya wanda ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, mai rowar yabo, wanda ƙananan ma'aikatansa ke tsoro, wanda kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne a kama masa hannu ba tare da an tambaye shi ba. Makantarsa tana nan, tana shafar yadda yake karanta takardu da yadda yake gane wanda ya shigo ta takun sawu, amma abin da ke hana shi barci shari'ar da zai shiga gobe ce.

Akwai wani tarko kuma da ba a cika lura da shi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana shi a 1954: idan mai ƙyamar wasu mutane ya gamu da ɗaya daga cikinsu wanda ya ƙaryata zatonsa, ba ya rushe shingen. Yakan buɗe ƙofa ya fitar da wannan ɗaya, ya ce "shi daban ne", ya sake rufewa a kan sauran. Labarai da yawa haka suke yi ba su sani ba. Duk lokacin da kika sa wani ya ce wa taurarwarki "ke ba kamar sauran mata ba ce", kuma labarin ya ɗauki wannan a matsayin yabo, kin ɗaga mace ɗaya ne ta hanyar taka sauran. Maganin wannan lissafi ne mai sauƙi. Idan mutum ɗaya tak ke wakiltar wani jinsi ko wata sana'a ko wata al'umma a littafinki, duk abin da ya yi za a karanta shi a matsayin hukuncinki a kan dukansu. In ya yi sata, kin ce ɓarayi ne. In kin ji tsoro kin hana shi kowane aibi, ya zama gunki. Amma idan su uku ne, ɗaya marowaci, ɗaya almubazzari, ɗaya bai damu da kuɗi ba sam, kowannensu ya sami 'yancin zama kansa. Har ma za ki iya barin ɗaya ya dace da tsohon zaton, domin a duniya akwai attajirai marowata, akwai matan uba azzalumai. Marubuciyar Najeriya Chimamanda Ngozi Adichie ta faɗa a jawabinta na 2009 cewa matsalar irin waɗannan hotuna ita ce ba su cika ba, ba wai lallai ƙarya ne ba.

Attajirinki ba zan daɗe a kansa ba. Ki dai tambayi me kuɗin ke tsare masa. Wanda ya taso a gidan da aka taɓa fitar da kayansu waje saboda bashi, rowarsa tsoro ce, kuma zai iya kashe dukiya a kan baƙo ya hana ɗansa, don ɗan ne yake so ya koyi abin da shi ya koya. Ko ki juya ta wata fuskar: attajiri mai kyauta ƙwarai, wanda kyautarsa igiya ce, duk wanda ya karɓa ya shiga hannu. Mugu a cikin labari ma haka. Masaniyar siyasa Hannah Arendt ta je Birnin Ƙudus a 1961 ta kalli shari'ar Adolf Eichmann, jami'in Nazi wanda ya tsara jigilar mutane zuwa sansanonin kisa, abin da ya girgiza ta shi ne ta ga mutum mai kama da kowane ma'aikacin ofis, mai magana da kalmomin aiki. An yi ta jayayya da fahimtarta har yau, amma ga marubuci darasin yana nan: mugun da ke gaishe ka da ladabi, yana cike takarda da kyakkyawan rubutu, ya fi mai jajayen idanu ban tsoro.

Game da yadda za ki zauna ki fito da su a aikace, ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Ki ɗauki takarda, ki rubuta matsayin tauraron a sama, a ce direban babbar mota. Ki rubuta abubuwa biyar na farko da suka zo miki game da shi, da sauri, ba tare da tacewa ba. Waɗannan biyar ba naki ba ne, na kowa ne. Kada ki yar da su, ki ajiye su a gefe, su ne abin da sauran mutanen labarin za su zata game da shi. Sannan ki rufe sana'ar da hannu, ki tambayi mutumin: me yake so a wannan makon, takamaimai, abin da za a iya samu ko a rasa? Me yake jin kunyar a sani? Wa yake kira idan abu ya lalace da tsakar dare? Me ya iya wanda bai taɓa samun kuɗi da shi ba? Sai ki ɗaga hannunki ki mayar masa da sana'arsa. Za ki ga direban da ke haddace waƙoƙi a doguwar hanya don yana so ya rubuta wa 'yarsa wasiƙar da za ta sa ta yafe masa, kuma bai iya rubutu sosai ba, kuma ba zai roƙi kowa ya rubuta masa ba. Ban ce masa "ka saɓa wa zato" ba. Na dai tambaye shi abin da ba a saba tambayar direba ba.

Wani lokaci kuma ki gwada musanya. Ki rubuta fitowar gaba ɗaya da tauraro namiji matashi, sannan ki mai da shi tsohuwa mai shekara 70 ba tare da kin sauya abin da yake so ko abin da ya faɗa ba. Ki duba inda rubutun ya ƙi zama. Wasu wuraren za su ƙi ne don dalili na gaskiya, jiki ko shekaru ko yadda mutane za su amsa mata, waɗannan ki gyara su, su ne ke ba labarin ƙasa. Wasu kuwa za su ƙi ne don kawai ba ki saba jin tsohuwa na da buri irin wannan ba, waɗannan ki bar su yadda suke.

Abu ɗaya da babu dabarar da za ta maye gurbinsa shi ne zama da mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na taɓa duba rubutun wani matashi da ya sa ma'aikaciyar jinya tana kuka a gefen gadon kowane majinyaci da ya rasu. Na ce ya je ya sami wadda ta yi shekaru tana aikin, ya saurare ta, kada ya tambaye ta yadda take ji, ya tambaye ta yadda ranarta ke tafiya daga shiga zuwa fita. Ya dawo ya ce mini matar ta gaya masa ba ta kuka a wurin aiki, amma har yau ba ta iya jin ƙarar wata irin na'ura ba tare da ta duba agogo ba, don an saba rubuta lokacin rasuwa. Wannan duba agogon ya fi shafi goma na hawaye, kuma babu yadda za a yi ya ƙago shi yana zaune a ɗaki. Idan kina rubuta mutumin da rayuwarsa ta yi nisa da taki, ki ba wani daga cikin irinsu ya karanta kafin ki fitar, kuma ki tambaye shi ina ne ya ji an yi ƙarya, don idan kin tambaye shi ko ya yi kyau zai ce miki ya yi.

Kada kuma ki ɗora wa kanki cewa kowa a littafin sai ya zama kewayayye. Shi kansa Forster bai raina shimfiɗaɗɗun taurari ba, ya ga amfaninsu: ana gane su nan take, ana tuna su. Mai sayar da tikitin da ya fito a layi biyu ba ya buƙatar tarihin yarinta. Abu ɗaya ya ishe shi, wanda ido ya gani, kamar yadda yake lissafa canji da hannun hagu don na daman yana riƙe da littafin da yake karantawa. Ƙarfinki ki tara shi a kan mutum uku ko huɗu da labarin ke tsaye a kansu.

Ki koma kan babin da matar uban ta fara fitowa. Ki goge duk jimlar da ke gaya mana irin halinta, mai kyau ko marar kyau. Ki sa wani a cikin gidan ya zarge ta da abin da ba ta yi ba, sannan a babi na gaba ki sa ta aikata wani kuskure na gaske wanda babu wanda ya gani sai mai karatu. Idan kin gama, ki ba mutum biyu su karanta, kowa daban, ki tambaye su ko ya kamata yaron ya yafe mata, ki rubuta amsar kowannensu da dalilinsa kafin ki taɓa babi na uku.